Agwagwar Da Ban Taɓa Sayarwa Ba

Talata, 8 ga Oktoba, da hantsi

Renita ta ce in riƙa rubuta komai, rana da lokaci, wa na kira, wa ya ce me. Ta ce, "Mama, ’yan sanda ba sa son surutu, abin da ke rubuce suke so." ’Yar da na haifa da cikina, tana can Houston tana koya mini yadda ake magana. To, ga shi ina rubutawa.

Sunana Verlene Guidry, in har yanzu nawa ne. Ina da rumfar kusurwa a kasuwar gwanjo ta hanyar Carencro. Ina sayar da kaskon baƙin ƙarfe, tukwane, keken ɗinki, da duk abin da matattu suka bari ’ya’yansu ba sa so. Ranar Lahadi da rana wayata ta mutu a hannuna. Ba caji ba ne, ba faɗuwa ta yi ba, sabis ne ya ɗauke ɗif. Na ɗaga ta sama, na kashe na kunna, na zaga da ita har bayan rumfar Hortense mai gashin kanti. Hortense ta ce, "Biya su kuɗinsu, tsohuwa." Na ce, "Ki fara biyan dokin da kika aske wa wutsiya kika ɗora a kanki."

Jiya na je shagon kamfanin waya. Matar da ke kanta, Mis Landry, ta duba ta ce layina lafiyarsa ƙalau, yana aiki a wata wayar. Wai ni na rubuto musu ta shafinsu na ce wayata ta ɓata, na manta lambar sirrina, a mayar mini da layi kan sabon sim. Na ce kuma kuka yarda? Ta ce an ba su ƙarshen lambar shaidata ta gwamnati, sannan an amsa tambayar sirri.

"Wace tambaya?"

"Sunan dabbar da kika fara riƙewa kina yarinya."

"An amsa daidai?"

"Daidai, Mis Verlene."

Na ce mata gwiwata ce ke damuna, na zauna a kujerarsu. Ta karɓi lasisin tuƙina, ta dawo mini da layin. Wayar na ta kuka a jaka tun daga nan, ban ɗauka ba sai ta Renita.

Laraba, 9 ga Oktoba, da rana

Na ɗauka. Da ma ban ɗauka ba.

Da layina aka buɗe akwatin saƙonnina, aka kwashe lambobin mutanena. Tsofaffin matan da nake ajiye wa kaya har fansho ya shigo, su aka bi ɗaya bayan ɗaya. "Verlene ce, an kwantar da ni a asibiti, ki taimaka ki turo kuɗin kayanki yau." Har da "’yar uwata" a ƙarshe, yadda nake ce musu. Wasu sun yi shakka. Mis Eula Thibodeaux ba ta yi ba. Matar da ta haura tamanin, ta hau bas ta je kanti ta sayi katin kyauta kamar yadda aka ce mata, ta karce bayansa, ta tura lambar. Kuɗin keken ɗinkin da ta daɗe tana shafawa duk Asabar.

Na kira ta. Ta ce, "Ashe an sallame ki." Na ce ba a taɓa kwantar da ni ba, Mis Eula, ba ni ba ce. Ina jin talabijin ɗinta. Ta ce, "Lambarki ce, yarinya. Na san lambarki kamar ta coci." Ta ajiye.

Na wanke kasaken da ba su da datti. Na jera su daga babba zuwa ƙarami, na wargaza, na sake jerawa.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da safe

Mista Fontenot, manajan kasuwa, ya kira ni ofishinsa. Bai ce in zauna ba. Ya ce mata sun kawo masa kuka, ’yar Mis Eula ma ta ce za ta rubuta sunan kasuwa a intanet. Ya ce, "Ni ban ce ke ba ce, Verlene. Amma kowa ya san bakinki. Kin sayar mini da kaskon kakarki, kin sayar wa surukata wani kaskon kakarki, kakar nan taki tana da masana’anta ne?"

Na ce, "Mace ce mai son girki."

Bai yi dariya ba. Ya ce kafin ƙarshen wata in kawo masa abin da ke nuna ’yan sanda na neman wani, ba ni ba. In babu, akwai masu jiran rumfar kusurwa. Tun Renita na goye nake kusurwar nan. Na san inda rana ke faɗowa a kan teburina kowane wata.

Daga nan na wuce wurin ’yan sanda. Sajan Mouton ya rubuta, ya rubuta, ya ɗago. "Akwai wanda kike zargi, Mis Guidry? Wanda ya san ki sosai?" Na ce rabin garin nan sun san ni. Ya ce ƙarar da babu suna a cikinta aljihun tebur take kwana. Na ce to ta kwana lafiya.

Alhamis, da yamma

Ban ci komai ba. Wake da shinkafa na nan a tukunya tun jiya.

Juma’a, 11 ga Oktoba, da hantsi

Renita ta tsare ni a waya har kunnena ya yi zafi. Mun kira ofisoshin nan uku masu ajiye tarihin bashin mutane, mun sa sun kulle sunana, yadda ko ni ba zan buɗe sabon asusu ba sai na cire kullen da kaina. Mun canza kalmar sirrin banki da ta akwatin saƙonni. Ta sa na rantse ba zan karanta wa kowa lambar da ta shigo wayata ba, ko da ya ce daga banki yake, ko da ya ce daga sama yake. Ta ce in cire katin lambar gwamnati daga jaka, wurinsa gida. Na ce jakar nan ba ta taɓa barin kafaɗata ba.

Sai ranar asibitin gwiwa a watan Agusta, da aka shiga da ni ɗaukar hoto aka ce in bar kayana a waje, wanda ya kai ni a motarsa ya riƙe mini jakar. Wannan ba na ’yan sanda ba ne, ban san me ya sa na rubuta ba.

Sannan ta ce, "Laifinki ne ma, Mama. Duk wanda ya tsaya a rumfarki sai ya ji labarin Duke. Duke ya ciji mai wasiƙa, Duke ya ci kazar fasto. Wa bai san sunan karenki ba?"

Na ce haka ne.

Babu wani Duke. Masu zuwa coci ina ce musu sunan karen Moses, baƙi masu kyamara ina ce musu Gumbo, Renita ta tashi da Duke saboda shi ya fi sa ta dariya. Wanda ya tsaya jin labari hannunsa na kan kasko, wanda hannunsa ya daɗe a kan kasko ya saya. Sana’ar ke nan. Ba mu taɓa riƙe kare a gidanmu na Opelousas ba, mu kanmu da ƙyar ake ciyar da mu.

Abin da na ba kamfanin waya shekarun baya ba sunan kare ba ne. Renita ba ta san shi ba. Ubanta ma har ya mutu bai sani ba.

Asabar, 12 ga Oktoba, bayan an tashi kasuwa

Mutane na wuce rumfata da sauri kamar ana fenti. Mis Eula ta zo, ta bi ta layin baya don kada mu haɗa ido. Na lulluɓe kekenta da zane.

Hortense ta ce, "Ga angonki can tafe, gyara gashi." Na ce, "Nawa a kaina ya tsiro, ba sai na gyara ba."

Mutumin nan da ke zuwa rumfata duk Asabar ya zo da gahawa biyu kamar kullum, nawa da madara babu sukari. Ya cire hula. Ya ce ya ji abin da ya faru, duniya ta lalace, mutane ba sa tsoron Allah. Ya zauna a kan akwatin lemo, wurinsa. Ya ce in akwai inda zan je ya kai ni, motarsa na nan. Ya gyara ƙafar teburin da ke rawa.

Na sha gahawar. Tana da daɗi, ba zan yi mata ƙarya ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da sassafe

Zan je coci. Ba zan je ba. Na sa takalmi na cire.

Litinin, 14 ga Oktoba, da rana

Na kwaso tsofaffin takardun banki da na asibiti da na haraji, duk mai ɗauke da lambata, na ƙona su a babban kasko a bayan gida. Maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya ce me ake soyawa. Na ce Verlene.

Mutum na iya sanin abu ta hanyoyi da yawa. Ana sayar da bayanan mutane a intanet kamar tumatir, Renita ta faɗa. Wataƙila wani a kamfanin ne. Wataƙila na taɓa faɗa wa Hortense na manta. Wataƙila ina magana cikin barci, duk da ban san wa zai ji ba.

Ban taɓa faɗa wa Hortense ba.

Talata, 15 ga Oktoba, da yamma

Wani kantin kayan gida ya aiko saƙo, wai sun yi baƙin ciki ba za su iya ba ni katin bashin da na nema ba, sunana a kulle yake. Ban nema ba. Ashe ba a gama da ni ba.

Laraba, 16 ga Oktoba, da hantsi

Na koma wurin Mis Landry in sa sabuwar lambar sirri, kuma a rubuta cewa ba a taɓa layina sai na zo da ƙafata da lasisina. Ta ce in zaɓi sabuwar tambaya. Na zaɓi sunan malamar da ta fara koyar da ni. Ta matso ta rage murya.

"Kada ki ba da amsar gaskiya, Mis Verlene. Gaskiya ana iya tono ta. Ki ƙirƙiri abin da babu shi, ki riƙe a kanki. Za ki iya?"

Na yi dariya har mutumin da ke bayana ya ja baya. Na ce, "’Yata, a kan wannan nake cin abinci." Shekara da shekaru ina yi wa kowa ƙarya a kyauta, kamfanin waya kaɗai na zaɓa na gaya wa gaskiya, don na ga takarda ce ta hukuma. Su da mutum ɗaya.

Na roƙe ta, in wani ya sake gwadawa, ta duba mini abin da ya rubuta. Ta ce ba a cika yin haka ba. Na ce mata akwai ƙaramin kasko da ke neman gida. Ta ce ita ba ta karɓar komai, amma za ta sa ido.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da rana

A watan Yuni ne. Ruwa ya tsare kasuwa, babu kowa, sai ƙarar kwano a kanmu. Mai gahawar nan ne ya fara. Ya ba ni labarin zomon da ya riƙe yana yaro, yadda ya tsere ta ƙarƙashin waya. Ya ce matarsa marigayiya kaɗai ya taɓa ba wa labarin. Sannan ya ce, "Ke fa? Ban da Duke, ban da Moses. Na ji su duka. Ta gaskiya nake so."

Babu wanda ya taɓa kama ni haka ya yi murmushi. Na gaya masa ta gaskiyar.

Asabar, 19 ga Oktoba, da la’asar

Hortense ta tafi sayen tsiran alade a bakin ƙofa. Mu biyu ne, ni da mai gahawa. Ya tambaya ko kamfanin waya sun gyara, na ce sun gyara, har sun sa ni tuna makarantar firamare, mutanen banza. Na faɗa ina goge murfin tukunya, ban dube shi ba.

Ya hura gahawarsa. Ya yi maganar ruwan sama, ya yi maganar farashin mai. Sannan ya ce shi malamarsa ta farko wata doguwa ce mai warin albasa, tana dukansu da rula a gaɓar yatsa. Ya yi dariya. Ya ce, "Ke fa?"

Na ci gaba da goge murfin. Na ce Sista Perpetua. Na yi mata gilashi mai kauri, na yi mata ɗingishi, na sa ta tana ɓoye alewa a hannun riga. Ban taɓa shiga makarantar sistocin Katolika ba ko don fakewa ruwa. Ya ce, "Allah sarki, Perpetua," a hankali, kamar mai ɗanɗana miya.

Da zai tafi na raka shi har mota, abin da ban taɓa yi ba. Ya ji daɗi. Ni lambar motar nake kallo.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da safe

Ya Ubangiji, kada wayar nan ta yi ƙara.

Litinin, 21 ga Oktoba, da yamma

Shiru. Na share gida, na share mota, na share ƙarƙashin firji. Wataƙila na zalunci bawan Allah. In haka ne zan yi masa miyar kuɓewa da jatan lande, in ce masa babu wata Perpetua, mu yi dariya.

Talata, 22 ga Oktoba, da rana

Shiru. Na sayo kuɓewa.

Laraba, 23 ga Oktoba, da hantsi

Mis Landry ta kira. An gwada jiya, ba a samu shiga ba. Ta ce, "Ban san ko yana da ma’ana a wurinki ba." Ta karanta mini baƙi bayan baƙi, don ba ta iya faɗin sunan ba: Perpetua.

Na gode mata. Na ce ta gaida gida.

Laraba, da la’asar

Kuɓewar na kan tebur.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da safe

Na zauna a mota a gaban ofishin ’yan sanda har kujera ta yi zafi. Na tayar da mota, na zaga ta gidan mai, na dawo. Na tuna Mis Eula a cikin bas da jakarta a cinya, tana sauri don Verlene na asibiti.

Sajan Mouton ya ce, "Kin tuno wani?" Na ce rubuta. Ulysse Darbonne. Na ba shi lambar mota, launinta, da inda ta lotsa a baya. Na ba shi labarin jaka a asibiti da na Sista Perpetua, na ce ya tambayi kamfanin waya. Ya ce, "Mene ne tsakaninku?" Na ce yana kawo mini gahawa. Ya dube ni, na dube shi, ya rubuta abin da ya rubuta.

Asabar, 26 ga Oktoba, da rana

Bai zo ba. Hortense ta dubi fuskata. Can ta turo mini rabin tsiran aladenta a takarda, ta ce ya yi mata yaji.

Talata, 29 ga Oktoba, da yamma

Sajan ya kira. Motar ba da sunan Ulysse Darbonne take ba, kuma babu alamar an taɓa yin wata mata da ta mutu. Akwai wata mai sayar da labule a kasuwar Lake Charles da ta kai ƙara irin tawa a bara, ita shayi ake kai mata. Yanzu suna nemansa da sunansa na gaskiya, wanda ban tambaya ba. Ya ce in zo gobe in karɓi takardar da zan kai wa manaja.

Ni da na sayar da kakata sau ba adadi, an sayar mini da zomo da matacciya, na saya ban ko taya ba.

Laraba, 30 ga Oktoba, da rana

Fontenot ya karanta, ya ce in zauna. Na ce na gode, gwiwata ta saba da tsayuwa a ofishinsa. Kusurwa tawa ce.

Daga nan na ɗora keken ɗinki a mota na kai wa Mis Eula. Ta ce ba ta karɓar sadaka. Na ce ba sadaka ba ce, da sunana aka karɓi kuɗinki, sunan nan kuma ni ke amsa shi. Na ce daga yau ko muryata kika ji tana neman kuɗi a waya, ki ajiye, ki zo rumfa ki ga fuskata. Ta ce, "Fuskar taki ma sai a hankali." Ta ba ni burodin masara a tsaye a bakin ƙofa. Ba ta ce in shigo ba tukuna.

Asabar, 2 ga Nuwamba, bayan an tashi kasuwa

Wasu mata da miji daga Ohio sun tsaya, matar ta ɗaga babban kaskon nan da na ƙona takardu a ciki. Ta ce yana da tarihi? Na buɗe baki in kira Gumbo, sai na ji kaina ina cewa ina da agwagwa ina yarinya, sunanta Loretta. Tana bina har bakin makaranta, tana kwana a ƙarƙashin gadona. Shekarar da aka sallami babana daga injin shinkafa, ranar Kirsimeti, na tashi ban gan ta ba, gida kuma na ƙamshi. Kowa ya ci. Ni ma na ci, yunwa nake ji.

Matar ta dafe ƙirji. Ta ce, "A wannan kaskon?" Na ce a wannan kaskon. Ba su nemi ragi ba.

Hortense ta ji komai. Da suka tafi ta ce, "Wannan sabuwa ce. Ta fi ta karen." Na ce za ki ji ta har ki gaji. Na ba wa mai gyaran agogo ita, na ba wa wasu ’yan coci biyu, gobe in kira Renita. Kafin Kirsimeti duk wanda ya taka kasuwar nan zai san Loretta, ba kuma ƙofar da za ta sake buɗe wa kowa.

Akwatin lemon na nan inda yake. Na ɗora tukwane a kai.